Idan Manhaja Ta Yi Ciniki a Madadinka, Wa Ya Kafa Dokar Gardamar?

A watan Afrilun 2011, wani masanin ilimin halittu a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, mai suna Michael Eisen, ya ci karo da wani abin mamaki a shafin Amazon. Wani tsohon littafi ne kan yadda ƙuda ke girma tun daga ƙwai, The Making of a Fly, aka sa masa farashin da ya haura dala miliyan ɗaya. Kullum kuma sai ƙaruwa yake yi, har ya kai dala 23,698,655.93, ban da kuɗin aikowa dala 3.99.

Da ya bi diddigi sai ya gano bakin zaren. Masu sayar da littattafai ne guda biyu, kowa ya ɗora manhajar da ke sa masa farashi. Ta farko an umarce ta da ta duba farashin ɗayan ta rage ɗan kaɗan, wato ta ninka shi da 0.9983. Ta biyu kuma an ce ta duba na farkon ta ninka da 1.270589. Duk zagaye ɗaya farashin ya ƙaru da kusan kashi 27 cikin 100. Kowace manhaja ta bi umarnin uban gidanta daidai, amma babu hanyar da ɗaya za ta tambayi ɗaya: "A kan wane dalili littafin ƙuda zai kai kuɗin jirgin sama?"

Irin wannan manhaja da ke aiki da kanta a madadin wani ita ake kira wakilin manhaja, ko bot a taƙaice. Yanzu da fasahar AI ta shigo wayoyinmu, waɗannan wakilai sun iya magana. Suna amsa koken kwastoma, suna kwatanta farashi, wasu ma an fara tura su yin ciniki. Darasinmu na yau zai duba abin da ke faruwa idan wakilai biyu suka zauna gardama alhali kowa da abin da yake so ya ci. Fannoni uku ne suka haɗu a nan: lissafin dabarun wasa, lissafin hujjoji, da ƙa'idojin tattaunawa.

Lissafin dabarun wasa

Kada kalmar wasa ta ruɗe ka. A wannan fanni, wasa shi ne duk wani yanayi da ribarka ta dogara ga abin da ka zaɓa da kuma abin da wani ya zaɓa. Dara wasa ce, cinikin waya a kasuwa ma wasa ne. John von Neumann da Oskar Morgenstern ne suka kafa harsashin fannin da littafinsu na 1944. A 1950 John Nash ya zo da tunanin da ya sa ya sami kyautar Nobel a 1994: akwai matsayar da in aka kai gare ta, babu ɗan wasan da zai ƙaru da komai idan shi kaɗai ya sauya dabara. Matsayar ba dole ba ne ta zama mai daɗi. Tana iya zama wadda kowa ke cutuwa, amma ba mai iya fita shi kaɗai.

Abin da ya fi shafar mu shi ne ɓangaren da ke juya tambayar. Maimakon a tambayi yadda za a ci wasa, sai a tambayi yadda za a tsara dokar wasan ta yadda faɗin gaskiya zai fi riba. Misalin da ya fi shahara shi ne gwanjon da William Vickrey ya yi nazari a kansa a 1961. Kowa ya rubuta tayinsa a ɓoye, wanda ya fi yawa ya ɗauki kaya, amma kuɗin da zai biya shi ne tayin wanda ya zo na biyu.

Mu ce ana gwanjon wata waya, kai kuma a ranka ka san darajarta a wurinka naira 100,000 ce. Idan ka rubuta 100,000, na biye da kai ya rubuta 80,000, ka samu a 80,000. Idan ka yi wayo ka rubuta 70,000, ka rasa wayar da za ka samu da rangwame. Idan kuma ka zuga ka rubuta 150,000, sai aka yi rashin sa'a wani ya rubuta 120,000, to ka sayi kayan 100,000 a kan 120,000. Ta kowace fuska, rubuta gaskiyar abin da ke ranka ya fi. Ba a yi wa kowa wa'azi ba, doka ce kawai aka tsara.

Wannan ba labarin littafi ba ne kaɗai. Yawancin tallan da ke faɗo maka a manhajoji da shafukan intanet, gwanjonsa ake yi tsakanin wakilan masu talla cikin lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba, kafin shafin ya gama buɗewa. An daɗe ana amfani da tsarin farashin na biyu. A 2019 Google ya mayar da gwanjon Ad Manager zuwa tsarin da mai nasara ke biyan abin da ya taya. A irin wannan tsari, wakilin da ya faɗi iyakar abin da zai iya biya ya yi wa kansa, don haka kowa sai ya rage tayi yana hasashen na wasu.

Hujja da mai rushe ta

Matsalar ciniki da lambobi zalla ita ce abin da muka gani a littafin ƙuda. Lamba ba ta faɗin dalili. Ɗan Adam kuwa idan ya taya aka ce masa albarka, ba shiru yake yi ba. Zai ce gilashin ya tsage, mai kaya ya ce ai na asali ne ba na canji ba. Ta yaya za a koya wa na'ura auna irin waɗannan maganganu?

Amsar da ta fi tasiri ta fito ne daga Phan Minh Dung, wani masanin kwamfuta da ke koyarwa a ƙasar Tailan, a wata maƙala da ya buga a 1995. Dabararsa tana da sauƙi har mutum ya raina ta. Ya ce a manta da abin da ke cikin kowace hujja. A ɗauke ta a matsayin ɗigo, a ja kibiya daga kowace hujja zuwa wadda take rushewa. Daga nan lissafi ne zai nuna wadda ta tsaya da wadda ta faɗi.

Bari mu gwada da cinikin wayar hannu ta biyu. Wakilin mai sayarwa ya kawo hujja A: wayar ta cancanci kuɗin da aka sa mata. Wakilinka ya kawo B: batirin wannan samfurin yana lalacewa bayan shekara biyu, wayar kuma ta shekara uku. B ta rushe A. Sai mai sayarwa ya kawo C: an sa sabon batir makon jiya, ga rasit. C ta rushe B.

Ga yadda na'ura ke lissafi. Da farko ta karɓi duk hujjar da ba wanda ya taɓa ta, wato C. Sai ta jefar da duk wadda karɓaɓɓiyar hujja ta rusa, wato B. Tunda B ta faɗi, babu sauran mai barazana ga A, sai A ta miƙe. Lura da cewa A ba ta kare kanta ba, C ce ta kare ta. Yanzu a ce wakilinka ya ƙara D: lambar IMEI da ke jikin rasit ɗin ba ta wannan wayar ba ce. Sai komai ya juye. D ta tsaya, C ta faɗi, B ta farfaɗo, A ta sake faɗuwa. Hujja ɗaya da ta shigo a ƙarshe ta sauya hukuncin duka.

Wahalar tana zuwa idan hujjoji biyu suka rushe juna, babu ta uku da za ta raba. Wannan ya ce wayar ta asali ce saboda kwalinta, wancan ya ce jabu ce saboda nauyinta. Dung ya bayar da ma'aunai fiye da ɗaya. Mai tsauri ya ce kada a karɓi ko ɗaya. Mai sassauci ya ce matsaya biyu ce, kowacce tana iya kare kanta. Wanda ya rubuta manhajar shi zai zaɓi ma'aunin da za a bi, kuma da wuya a gaya wa mai amfani da ita wanne aka zaɓa.

Tun a sunan maƙalar Dung akwai ambaton wasanni masu 'yan wasa da yawa, kuma ba don ado ba. Ya nuna cewa wata hanyar warware wasa da von Neumann da Morgenstern suka kawo tun 1944 tana da siffa ɗaya da ɗaya daga cikin ma'aunansa: a sami rukunin da babu mai rushe ɗan'uwansa a cikinsa, kuma duk wanda ke waje akwai mai rushe shi daga ciki. Ashe tambayar wace yarjejeniya ce za ta ɗore da tambayar wace hujja ce za ta tsaya, lissafinsu guda ne.

Gardama a matsayin wasa

Akwai wata hanyar kallon wannan lissafi, wadda a ganina ita ce ta fi kowacce buɗe ido. A mayar da shi wasan mutum biyu, mai da'awa da mai musu. Mai da'awa ya fara, mai musu ya kawo hujjar da ta rushe ta, mai da'awa ya rushe wannan, haka ake ta karɓa-karɓa. Wanda ya rasa abin cewa ya faɗi. Hujja karɓaɓɓiya ce idan mai da'awa yana da hanyar cin wasan ko ta ina abokin gardamarsa ya ɓullo. Masanin lissafi na Jamus Paul Lorenzen ya yi amfani da irin wannan tunani tun ƙarshen shekarun 1950. Ɗaliban ilimi na soro ma ba za su ji shi baƙo ba, domin malamai irin su Shamsuddin al-Samarƙandi sun yi rubuce-rubuce kan ladubban bincike da munazara tun ƙarni na 13, inda suka fayyace aikin mai kafa hujja da na mai tambaya.

To mu koma kan hujjoji biyun nan masu rushe juna. Idan doka ta hana mai da'awa maimaita abin da ya riga ya faɗa: ya ce ta asali ce, aka ce jabu ce, ba shi da sabuwar magana, ya faɗi. Idan kuma mai musu aka hana maimaici: ya ce ta asali ce, aka ce jabu ce, ya sake cewa ta asali ce, mai musu ya rasa ta cewa, mai da'awa ya ci. Hujjojin ba su canza ba ko da harafi ɗaya. Layi ɗaya aka sauya a dokar wasa, mai nasara ya sauya.

Wani ɗan Ostireliya, Charles Hamblin, ya ƙara wani abu mai muhimmanci a littafinsa na 1970 kan kurakuran gardama. Ya ce a buɗe wa kowane mai magana wani kundi, duk abin da ya furta ko ya amince da shi a rubuta a ciki. Ba ruwan kundin da abin da ke zuciyarsa, abin da ya fito daga bakinsa shi ake kama shi da shi. Wannan ya dace da na'ura ƙwarai, tunda ba mu da hanyar leƙa niyyar bot, amma muna iya ajiye maganarsa. A Fabrairun 2024 wata kotun ƙananan ƙararraki a Kanada ta yi hukunci mai kama da haka. Bot ɗin kamfanin jiragen Air Canada ya gaya wa wani fasinja da kakarsa ta rasu cewa zai iya neman rangwamen ta'aziyya bayan ya yi tafiya, alhali dokar kamfanin ba haka ta ce ba. Kamfanin ya nemi zame kansa daga maganar bot ɗin, kotu ta ƙi, ta sa ya biya.

Douglas Walton da Erik Krabbe kuma, a 1995, sun raba tattaunawa gida shida: gamsarwa, ciniki, bincike, shawarar abin da za a yi, neman bayani, da kuma rigima tsagwaronta. Amfanin rabon shi ne abin da ya halatta a wannan gida laifi ne a wancan. Ɓoye iyakar farashinka a ciniki ba komai ba ne. Ɓoye bayani ga wanda ya zo neman shawara ha'inci ne. Wata cutar da ake yi wa mutane a intanet daga nan take: kai kana ganin neman bayani kake yi, wakilin da ke amsa maka kuwa ciniki aka turo shi.

Inda gizo ke saƙar

Lissafin Dung ya ɗauka cewa duk hujjojin suna kan tebur. Amma wa ya ce wakili zai fito da duk abin da ya sani? Wannan tambaya Iyad Rahwan, ɗan asalin Siriya, da Kate Larson ta Jami'ar Waterloo a Kanada suka ɗauko a 2008. Sun kalli gardama da idon Vickrey: yaushe ne bayyana dukkan hujjojinka zai fi maka riba?

Mu koma ga mai wayarmu. Wakilinsa yana riƙe da bayanai uku, kuma dukkansu gaskiya ne. Na ɗaya, takardar garanti ta nuna saura wata shida. Na biyu, kamfanin ya ƙera wannan samfurin da kariya daga ruwa. Na uku, wani mai gyara a kasuwa ya buɗe wayar ya canza batir. Na ukun abin talla ne shi ma, sabon batir ai ba abin ƙi ba ne. Sai dai yana rushe na ɗaya da na biyu, domin buɗe waya a wajen kamfani yakan ɓata garanti, kuma roba ko gam ɗin da ke hana ruwa shiga ba kasafai yake komawa yadda yake ba.

Idan an gina wakilin ne don ya tsayar da hujjoji mafi yawa, lissafinsa a fili yake. Ya faɗi duka, ɗaya ta tsaya. Ya haɗiye ta uku, biyu su tsaya. Zai yi shiru. Ka bincika duk abin da ya faɗa, ba za ka sami ƙarya ko ɗaya ba, amma ka koma gida da wayar da ba garanti, ba kariya daga ruwa.

Abin da Rahwan da Larson suka tabbatar shi ne, a ƙarƙashin ma'auni mai tsauri, wakili irin wannan ba shi da ribar ɓoyewa muddin babu wata hujjarsa da ke rushe 'yar'uwarta, kai tsaye ko ta hannun hujjojin wasu. Sharaɗi ne mai nauyi. Wane mai sayarwa ne duk abin da ya sani game da kayansa ke goyon bayansa? Kuma sun yi lissafin ne a kan wakilan da ke iya ɓoyewa amma ba sa iya ƙirƙirar hujjar ƙarya. Manhajojin hira na yau kuwa suna iya ƙago rasit da sunan littafi da hukuncin kotu ba tare da an roƙe su ba.

An ga haka a aikace. A 2017 masu bincike a Facebook sun horar da bot-bot kan raba littattafai da huluna da ƙwallaye, kowane bot da makin da aka ba shi a ɓoye kan kowane kaya. Ba wanda ya koya musu yaudara, amma sun gano dabarar nuna suna matuƙar son kayan da ba shi da maki a wurinsu, don daga baya su "haƙura" da shi a ba su wanda suke so. Duk wanda ya taɓa sayen rago ya san wannan salo. Wannan gwajin ne jaridu suka yayata cewa wai na'urori sun ƙirƙiri yaren sirri an kashe su don tsoro. Abin da ya faru bai kai haka ba. An ba su lada kan cin ciniki, ba a ba su lada kan tsare Turanci mai ma'ana ba, sai maganarsu ta karkace, masu binciken suka gyara tsarin horon.

A Nuwamban 2022 Meta ya sanar da CICERO, wakilin da ke buga Diplomacy, wasan ƙasashe bakwai a taswirar Turai wanda ba a cinsa sai da ƙulla ƙawance ta hanyar hira. Ya buga wasanni 40 da mutane a intanet, ya shiga cikin kashi 10 na sama a tsakanin waɗanda suka buga fiye da sau ɗaya. Kamfanin ya ce ya horar da shi ya zama mai gaskiya a mafi yawan lokuta. Amma wani nazari da ya fito a 2024 ya nuna misalai daga hirarrakin wasan, har da inda CICERO, yana riƙe da Faransa, ya yi wa Ingila alƙawarin kariya alhali ya riga ya shirya da Jamus a kai mata hari. Ni ban ga abin mamaki a nan ba. An saka shi a wasan da ke saka wa maci amana da nasara.

Me za ka iya yi da wannan?

Masu binciken AI sun gwada juya matsalar ta zama magani. A 2018 Geoffrey Irving da Paul Christiano da Dario Amodei, a lokacin suna OpenAI, sun kawo shawarar a sa wakilai biyu su yi muhawara, ɗan Adam ya zama alƙali. Fatan shi ne abin da wannan ya ɓoye, wancan yana da ribar tono shi. Har yanzu ana gwada iyakar wannan fata, don alƙali ma ana iya ruɗa shi da daɗin baki. Amma dabarar tana da arha, kuma za ka iya yin ta a wayarka. Idan manhajar hira ta ba ka shawarar sayen wata waya ko shiga wani tsarin bashi, kwafi amsar, buɗe sabuwar hira, ka ce mata aikinta shi ne ta kawo hujjoji mafi ƙarfi da ke rushe wannan shawara. Sai ka jera su irin na Dung, ka ga wacce ce ta rage ba mai amsa ta.

Kafin ka yarda da kowane bot kuma, fara sanin wakilin wa ne. Wanda ke shafin kanti ko na kamfanin ba da rance, su suka ɗora shi. Kada ka gaya masa iyakar kuɗin da ke aljihunka, kamar yadda ba za ka gaya wa dillali ba.

Lamarin zai ƙara girma. A Afrilun 2025 Google ya fitar da wata ƙa'ida mai suna A2A don wakilan kamfanoni daban-daban su iya gabatar da kansu su miƙa wa juna aiki. An tsara ta ne ta yadda wakili ba sai ya nuna wa ɗan'uwansa abin da ke ma'ajiyarsa ko yadda yake tunani ba. Akwai hikimar tsare sirri a ciki, amma hakan na nufin wakilin mai wayar nan yana da cikakkiyar damar yin shirunsa.

Shiru kuwa tambaya ce ke karya shi, kuma ba kowace tambaya ba. "Wayar tana da kyau?" ba ta ɗaure kowa. "An taɓa buɗe ta a wajen kamfani, e ko a'a?" ta bar masa hanya uku kawai: ya faɗi gaskiya hujjojinsa biyu su zube, ya kauce ka gane akwai lauje cikin naɗi, ko ya ce a'a maganar ta shiga kundinsa. Idan ta ukun ya zaɓa, ɗauki hoton allon hirar tare da kwanan wata kafin ka tura ko sisi.